Lomar Farko

Karakkai, ta Bungudu
23 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga Malam Attahiru, malamin wasanni, Tsafe.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da mutanen gidanku duka, da fatan zafin da ya fara shigowa bai takura ku ba. Mu nan lafiya lau. An yi suna shekaranjiya, mace aka samu, kuma ba ka zo ba. Sunanta ka tambayi wani, ni dai ba za ka ji shi a bakina ba. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, amma ka mai da Karakkai kamar Legas. Ba komai, taubashi, zan rama.

Ina gidan Baba ina wankan jego. Ƙanwarsa Iya ce ke dafa mini ruwa, kuma ka san halinta, ko zaure ba ta bari in leƙa sai na yi arba'in. Maigidan ya koma Warri wajen tankarsa tun jiya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Sunan Baba ya fito cikin maniyyata bana. Bijiman nomansa ya sayar ya biya kujerar, ka ga ke nan babu ta biyu. Mun yi murna har Iya ta yi guɗa, amma shi tun ranar ya rage magana. Jiya na kai masa kunu, sai ya ce mini, "Maijidda, na yi kokawa tun daga nan har Maraɗi, ba a taɓa ɗaga ƙahwata daga ƙasa ba. Ɗan kokawa in anka ɗaga shi, tashi ta ƙare. Yanzu da tsuhwana za a ɗaga ni sama gaba ɗai."

Ba zai ce tsoro yake ji ba ko za a yanka shi, amma ni 'yarsa ce, na gani a idonsa. Ina gudun ranar tafiya ta zo ya ce ya fasa.

Kai ne sarkin labarin duniya a danginmu. Kullum kunnenka na jikin rediyo, ɗakinka kuma tsofaffin mujallu sun hana mutum wurin zama. To yau ranar amfaninsu ta zo. Ka rubuto mini labarin jirgin sama, mai daɗi, wanda zai kwantar masa da hankali, in karanta masa. Ka ba Ɗanlami direba a tashar Tsafe, motarsa na biyowa ta nan.

Taubashiyarka,
Maijidda

*

Tsafe
27 ga Fabrairu, 1998

Maijidda uwar baƙuwa,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya sa ta ɗauko halin ubanta ba na uwarta ba. Inna na gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Rashin zuwana suna laifin shugaban makarantarmu ne, ya ɗora mini shirya yara gasar guje-guje. Ki gaida Kawu Jatau da Iya.

Na yi dariya da na ji Kawu Jatau, wanda maza ke gudun haɗa ƙirji da shi, yana shakkar kujera mai laushi. Karanta masa waɗannan.

Ki ce masa jirgi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1925 jirage suka fara sauka a Kano, daga Masar suka taso, kuma da yake babu filin jirgi a lokacin, a filin sukuwar dawaki suka sauka. Abin da ya sauka lafiya inda doki ke gudu, ina ga yanzu da aka shimfiɗa masa kwalta?

Jirgin farko kuwa wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka suka ƙera shi, wa da ƙane, kuma sana'arsu ta asali gyaran keke da sayar da shi. Tashinsa na farko ko minti ɗaya bai yi a sama ba. Dubi inda aka kai yau, mutum ya karya kumallo a Sakkwato ya yi la'asar a Jidda.

Da can wahala ake sha. 'Yan ƙwallon Turai da suka je gasar cin kofin duniya ta farko a 1930, a jirgin ruwa suka tafi, kusan mako biyu suna bisa teku, suna motsa jiki a saman jirgin don kada ƙafa ta yi sanyi. Namu 'yan ƙwallon da suka fara zuwa Ingila a 1949, su ma ta ruwa suka bi, kuma yawancinsu ba takalmi suka buga. Wannan na san zai yi wa Kawu daɗi.

In ya ce ba ya son abin da ya zo daga nesa, ki tambaye shi gyaɗa. Gyaɗa da rogo da masara da barkono duk daga ƙetaren teku aka kawo su, asalinsu nahiyar Amurka. Ƙuli-ƙulin da yake ji da shi ma baƙo ne.

A cikin jirgi har abinci ake rabawa. An ce a can sama harshe na raguwa, gishiri da zaƙi ba sa fita sosai, don haka kada ya zargi mai girkin. Kuma don ki ga irin tsantsenin mutanen nan, a kamfanoni da yawa matuƙin jirgi da mataimakinsa ba sa cin abinci iri ɗaya. Kowa da nasa daban, don in abincin ɗaya ya ɓata masa ciki, ɗayan ya riƙe jirgin. Mutanen da suka yi tunani har nan, ai sai mutum ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa.

Ladan wannan aiki fura ce mai nono, ranar da na zo.

Naki,
Attahiru

*

Karakkai
3 ga Maris, 1998

Attahiru,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, baƙuwa na ta tsotso. Takardarka ta iso, kuma wallahi ban san ko godiya zan yi maka ko Allah ya isa ba.

Na karanta wa Baba a tsakar gida, Iya na gefe tana tankaɗe. Na so in fara dubawa ni kaɗai, ya ce a'a, in karanta yadda ta zo, kada in tsallake ko layi. Da na zo kan masu gyaran keke ya ce, "Masu hwacin keke? Irin su Gambo na bakin kasuwa?" Da na zo kan jirgin ruwa ya ce to shi ma a sa shi a na ruwa. Maganar ƙwallo ba takalmi ta yi masa daɗi, ya ce waɗannan maza ne. Gyaɗa kuwa Iya ce ta karɓe, ta ce in gaya maka kakarta a Karakkai ta ga gyaɗa, ƙarya kake.

Duk wannan da sauƙi. Da na karanta zancen matuƙa biyu da abincinsu, sai Baba ya tashi zaune. Ya ce in maimaita, na maimaita. Sannan ya ce, "Ashe su ma sun sani."

Kai ɗan boko ne, watakila ka manta. Baba duk zamanin kokawarsa bai taɓa cin abincin hannun baƙo ba in zai shiga fili. Ko ruwa ba ya karɓa. Daga ranar da ya bar gida har a tashi wasa, guzurin da mahaifiyata ta ɗaura masa kawai yake ci, don a wurinsu ta abinci ake yi wa ɗan kokawa sammu, ƙafarsa ta mutu. Shekaru muna fama da shi ya bar wannan tunani, har ya fara cin abincin biki. Yanzu ka ba shi shaida daga Turai. Cewa yake, in masu tuƙin da kansu ba su yarda da abincin ba, shi wa ye?

Ya ce zai shiga jirgin, wannan kam ka yi nasara. Amma ya rantse daga ƙofar gidan nan har ƙafarsa ta taka Jidda, ba abin da zai shiga bakinsa sai wanda na ɗaura masa da hannuna.

Ka san yana da ciwon suga, kullum da safe sai ya sha ƙwaya. Malamin asibitin Bungudu ya sha gaya mana wannan ƙwayar ba a shanta da yunwa. Ka rubuto ka warware abin da ka ƙulla.

Maijidda

*

Tsafe
6 ga Maris, 1998

Maijidda,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai gajiyar fili.

Kai, na karanta takardarki a ɗakin malamai na yi dariya har da hawaye. Gambo mai faci! Ki ce wa Iya na janye maganar gyaɗa, don kada ta hana ni tuwo.

To ai aiki ya yi kyau. Kin ce in sa shi ya shiga jirgi, ga shi zai shiga. Sauran duk rigimar tsufa ce. Daga Sakkwato zuwa Jidda 'yan sa'o'i ne, ki ɗaura masa dakuwa da ƙuli-ƙuli da 'yar fura, kafin ya gama taunawa an sauka. Ke ma jego ne ya sa komai ke yi miki girma.

Ga ƙari ki ba shi. Abincin farko da aka fara rabawa a jirgi, tsakanin Landan da Faris a 1919, mai sanyi ne a ɗan akwati, an haɗa shi tun a ƙasa. Ki ce masa su ma guzuri suka ɗauka, shi da Turawa dabararsu ɗaya. 'Yan kokawar Girka na dā kuma mai suke shafe jikinsu da shi kafin su shiga fili. Tambaye shi ko ya taɓa gwadawa.

Ina jiran furata.

Attahiru

*

Karakkai
9 ga Maris, 1998

Attahiru,

Muna lafiya. Ban karanta wa Baba takardarka ba, kuma ba zan karanta ba.

Na rubuto maka ina kuka, ka karanta a ɗakin malamai kana dariya. Ka san awa nawa jirgi ke yi a sama, amma ba ka san kwana nawa maniyyaci ke yi a ƙasa yana jiransa ba. Sai an tara su a sansani a Gusau, sannan a kwashe su zuwa Sakkwato in jirgi ya samu. Bara maƙwabcinmu sai da ya yi fiye da mako a sansanin. Wace fura ce za ta yi mako cikin wannan zafi?

Kuma wai jego. Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Tsohon nan shi kaɗai ya rage mini, uwa ta tafi, ba wa ba ƙane. Kai kuwa a wurinka labari ne da za ka ƙara cikin tarinka.

Ka riƙe Girka da Faris ɗinka. Kada ka ƙara rubuto mana komai.

Maijidda

*

Karakkai
16 ga Maris, 1998

Attahiru, don Allah ka karanta wannan har ƙarshe.

Ina gaishe ka. Ni da yarinya lafiya, amma hankalina ba ya jikina.

An kira su Baba sansani tun ranar Alhamis. Na ɗaura masa dakuwa, da ƙuli-ƙuli, da soyayyen gari, da busasshen nama, iyakar abin da jakarsa ta ɗauka. An ce kwana biyu za su yi, har yau suna nan, jirgi bai samu ba.

Shekaranjiya na dama fura na soya nama na ba Ɗanlami ya kai masa. Da yamma ya dawo mini da kayan ko buɗewa ba a yi ba. Baba ya ce abin da ya yi tafiya a hannun wani, a mota cike da mutane, ba nawa ba ne kuma. Ɗanlami ya ce ya same shi zaune a inuwa, hannunsa na rawa, jakar guzurin ta kusa zama wayam. Na tambaya yaya aka yi ta ƙare da wuri haka, ya ce ba shi kaɗai yake ci ba, amma bai tsaya ya ji da wa ba, fasinja na jiransa. Kuma ƙwayar yana shanta kullum, don ya ce likita ya ce kada ya fasa.

Na ɗauki mayafi zan tafi Gusau da kaina. Iya ta tsaya a ƙofa ta ce sai dai in bi ta kanta, mai jego ba ta shiga mota da ɗanyen jiki da jaririya, in wani abu ya same ni me za ta ce wa mijina. Ita kuma ko zuwa rijiya sai da sanda.

Saura kai. Kai jininsa ne, in ka karɓa daga hannuna ka miƙa masa, ina jin zai ci. Ka zo Karakkai ka ɗauka.

Mako guda ke nan ban ji daga gare ka ba. Na san na ce kada ka rubuto, kuma na faɗi maganar da ta fi ƙarfin laifinka. In fushi kake, ka yi da ni, ka ajiye shi sai Baba ya tashi lafiya. Kullum in na ji ƙarar mota a bakin hanya sai in zaci mummunan labari aka kawo.

Maijidda

*

Gusau
18 ga Maris, 1998

Maijidda,

Sallama. Kawu na da rai, yana magana, yana sallah a tsaye. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ba fushi nake ba, kunya ce. Kin ce kada in rubuto, na ga gaskiyarki, na kama bakina. Sannan na kai yara gasa Ƙaura, takardarki ta kwana biyu a teburina. Yau da safe na dawo na gan ta, ko gida ban shiga ba na hau mota. Ban ƙarasa Karakkai ba, a Gusau na sauka, na ce in fara ganinsa da idona.

Ya rame, Maijidda. Leɓensa ya bushe, zufa na keto masa alhali yana inuwa. Da ya gan ni ya ce, "Ga malamin da yab buɗe muna ido." Da ƙasa ta tsage da na shige.

Wanda suke cin guzurin tare wani tsoho ne, Malam Manu, mutumin Wanke, ɗan siriri, ba ya gani sosai. Tun yana saurayi yake bin Kawu fili fili yana kallon kokawarsa. Da ya ji an ce ga Jatau na Karakkai a sansani, ya kwashe tabarmarsa ya dawo kusa da shi. Kawu ya ba shi labarin matuƙa biyu, shi kuma ya ce abin da Jatau bai ci ba shi ma ba ya ci. Ɗansa da ya rako shi ya koma gida tun washegari, yana zaton an kusa tashi. Guzurin mutum ɗaya suka raba, jiya ya ƙare.

Abinci kuwa ga shi nan ko'ina, masu tuwo da masu shinkafa a bakin ƙofa, jami'ai ma sun yi ta lallashinsu. Na zauna na yi wa Kawu bayani dalla-dalla. Na ce ba sammu ake gudu ba, ɓacin ciki ne kawai, irin wanda kowa ke yi. Ya ce, "To ƙarya ka rubuta?" Na ce a'a. Ya ce, "Matuƙan su biyu suna cin kwano guda?" Na ce a'a. Ya ce to me ya rage.

Na sayo shinkafa da wake na ci rabi a gabansa, na tura masa sauran. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, abin da anka yi don wani ba ya kama wani. Kai wa ka kayar da za a neme ka?" Na ce to bari in je Karakkai in karɓo daga hannunki. Ya ce wannan ya yarda.

Ina ɗaura takalmi ke nan aka yi salati a bayana. Malam Manu ne ya tashi zai yi alwala ya yanke jiki ya faɗi. Mun ɗauke shi zuwa asibiti, ba shi da nauyi ko kaɗan. An sa masa ruwa ya farfaɗo, amma da aka kawo kunu ya juya kai ya ce sai Jatau ya ci.

Yanzu an yi sanarwa jirgi ya samu. Gobe da hantsi motoci za su kwashi rukuninsu zuwa Sakkwato, kuma su ne na ƙarshe daga nan. Likitan sansani ya ce duk wanda bai iya tsayuwa da ƙafarsa ba, ba zai sa masa hannu ba. Na hana Kawu shan ƙwayar sai ya ci wani abu, da kyar ya ba ni ita. Ba zan iya barinsa in taho ba. Ki haɗa guzurin, in Allah ya kai mu asuba zan zo in ɗauka in dawo kafin motoci su tashi. Ɗanlami na tsaye a kaina, a nan zan tsaya.

Attahiru

*

Gusau
19 ga Maris, 1998

Maijidda,

Sallama. Na san kin jira ni tun asuba da ƙullin guzuri a hannu. Ki yi haƙuri ki zauna kafin ki karanta. Kawu lafiyarsa lau, ya ci abinci. Amma bai tafi ba.

Bayan sallar asuba ina shirin fitowa ya ce in kai shi wajen Manu tukuna. Na ce lokaci, ya ce in kai shi. Muka tarar da tsohon kwance, ido a rufe, ga kwanon kunu a gefe ya yi sanyi. Ma'aikaciyar jinya ta ce ruwan da ake sa masa ba zai riƙe shi ba in bai ci ba, ga shekaru.

Kawu ya daɗe tsaye a kansa. Sannan ya ce a kawo kunu mai zafi. Aka sayo a bakin asibiti, wajen wata mata da ko sunanta ba mu sani ba. Ya karɓi kwanon. Maijidda, na ga tsoro a fuskarsa ƙarara. Shi har ransa ya yarda abin da ke cikin kwanon nan zai iya kashe masa ƙafa. Ya yi bisimilla ya kai ludayi baki, ya haɗiye, ya ƙara. Sannan ya ce, "Manu, buɗe ido. Ga Jatau na ci."

Tsohon ya buɗe ido ya kalle shi, ya buɗe baki. Haka suka shanye kwanon, ludayi ɗaya nasa, ɗaya na Manu. Na fita waje don kada su ga idona.

Da hantsi ya yi wani jami'i ya zo da gudu, ya ce ana ta kiran Jatau Karakkai, motoci sun cika. Likita ya duba Kawu ya ce zai iya tafiya. Ya duba Manu ya girgiza kai. An aika Wanke a kira ɗansa, an ce ya tafi cin kasuwa wani gari, ba a san ranar dawowarsa ba.

Kawu ya miƙe ya ɗauki jakarsa, har ya kai ƙofa. Sai aka kawo wa Manu shayi, ya kau da kai, yana lalube da hannu yana cewa ina Jatau. Kawu ya tsaya. Ya dawo ya ajiye jakar.

Na roƙe shi. Wallahi har ƙasa na durƙusa. Na ce ni zan zauna da Manu, zan ci a gabansa, zan yi masa duk abin da ake yi. Na tuna masa bijimansa, na tuna masa shekarunsa. Manu da kansa, da ya gane abin da ake ciki, ya ce ya tafi. Kawu ya ce masa, "In na tahi za ka ci?" Tsohon ya runtse ido, don ba ya iya yi masa ƙarya.

Sai Kawu ya ce mini, "Attahiru, ni na kada mutumin ga, da bakina. Ban taɓa kada mutum na bar shi kwance na fita hili ba. Sai na ɗaga shi."

Jami'in ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya je ya dawo har sau biyu. Daga tagar ɗakin muna jin motocin suna tashi ɗaya bayan ɗaya, mutane na kabbara. Kawu bai ɗaga kai ba, yana fifita shayin.

Sun ce za a duba ko a ajiye masa kujerar zuwa baɗi, ba su yi alkawari ba. Ni na jawo wannan, kuma ban san da wace fuska zan dube ki ba.

Abu ɗaya ke damunsa yanzu. An raka shi da addu'a, an yi ta ce masa Alhaji tun kafin ya fito. Ya ce in Manu ya tashi, in samo masa mota da za ta ajiye shi bayan gari in duhu ya fara, ya shiga gida ta gona. Me zan ce masa?

Attahiru

*

Karakkai
21 ga Maris, 1998

Attahiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka gaida Malam Manu, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Na yi kuka har Iya ta karɓi yarinyar daga hannuna. Na yi na kujerar, na yi na bijimai, na yi na baɗi da ban san ko zai gani ba. Na ji haushinka, na ji haushin Baba, na ji haushin wani tsoho da ban taɓa gani ba. Har yanzu ban huce ba, kada ka zaci na huce.

Da na natsu na karanta wa Iya takardar tun daga farko. Da na zo inda ya ajiye jaka, ta ce, "Wannan shi ne yayana." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Laifi kuwa ka daina ɗauka kai kaɗai. Ni na ce ka rubuto, ni na karanta masa.

Ga amsar da za ka ba shi. Ba zai shigo ta gona ba. Ranar da Malam Manu ya tashi, ka kawo mini ubana da rana tsaka, a motar Ɗanlami, a sauke shi a bakin kasuwa inda kowa ke gani. Ka sa shi ya sa farar rigar da aka ɗinka masa don tafiya. Duk mai tambayar me ya dawo da shi, ya zo ya tambaye ni.

Arba'in ɗina bai cika ba. Na gaya wa Iya ranar zan fita in tarye shi a bakin hanya da yarinya a bayana, na jira ta tare ƙofa. Ta dube ni ta ce in nemo mata sandarta, tare za mu je.

Taubashiyarka,
Maijidda